Ɗan Koyo Mai Furfura

Ranar da Hajiya Rabi ta turo mini lasina na Nijar ta kan tebur, ta ce ba zai yi ba, ba na jin zan manta da ita har in bar aikin nan. Safiyar Litinin ce a farkon damina, kwanana tara da zuwa Kano. Ku da kuka shigo kamfanin nan daga baya kun tarar da ni shugaban direbobi, kuna zaton da makullin mota a hannu na sauka Sharada. To ba haka aka yi ba.

Ni mutumin Maraɗi ne. Shekara goma sha takwas na yi ina jan babbar mota a Nijar, Maraɗi zuwa Damagaram, Damagaram zuwa Agadas, yau albasa gobe siminti. Ban taɓa kayar da mota ba, ban taɓa taka ɗan mutum ba. Da maigidana ya rasu magada suka sayar da motocin, sai na zauna hannu biyu. Wani ɗan'uwana da ke aikin fata a Challawa ya aiko mini cewa kamfanin roba a Sharada na neman direba. Na bar matata da yara huɗu a gida, na zo na raɓa a ɗakinsa a Panshekara.

A lokacin Hajiya Rabi ce shugabar sashen sufuri. Ita ke raba motoci, ita ke sa hannu kafin kowace mota ta fita ƙofa. Mace ce marar hayaniya, ba ta ɗaga murya, kuma ba ta sauya magana. Aka gwada ni a farfajiyar kamfani, na shigar da mota da baya tsakanin ganguna biyu ba tare da na gyara ba, har direbobi suka yi tafi. Na shiga ofishinta ina jiran makulli.

Ta juya lasin gaba da baya, ta ce, "Malam Lawali, hannunka ya yi. Takardarka ce ba ta yi ba."

Na ce, "Ranki ya daɗe, mi ya same ta? Ba ta mutu ba, da sauran shekara biyu."

Ta ce ba maganar mutuwa ba ce. Wanda ya zo ya zauna a ƙasar nan yana jan motar kamfani sai da lasin ƙasar nan, kuma masu inshora ba za su amsa ba idan wani abu ya faru. Ta ce za ta ajiye mini motar da zan ja har wata uku. Kafin nan in riƙa aiki a wurin lodi. Idan wata uku suka cika ban kawo lasi ba, za ta ba wani.

Na fito ina huci. Kano da Maraɗi, tafiyar rabin yini. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, hannun tuƙi ɗaya. Amma wai sai na koma na koyi mota.

Bari in faɗa muku yadda tsarin yake, don wasunku sun samu nasu tun suna samari, sun manta. Da farko sai ka shiga makarantar koyon tuƙi mai rajista, ka yi darussa ashirin da shida, kowanne a rubuta. Makaranta ta ba ka shaida. Ka kai shaidar wurin jami'an gwajin tuƙi, su yi maka tambayoyi a kan alamun hanya, sannan su zauna gefenka ka tuƙa. Idan ka ci, a ɗauki hotonka da yatsunka, a ba ka takardar wucin gadi kafin katin ya fito. Kamfaninmu kuma yana da nasa sharaɗin, sai likita ya duba ka kafin a damƙa maka babbar mota. Wannan na ƙarshen ko a jikina. Na ce ai lafiyata lau, sai ranar karɓar makulli na leƙa.

Akwai wani direba a nan, Garba, mutumin Gumel, Allah ya ji ƙansa. Shi ya fara jawo ni jiki. Ya ce mini akwai masu tsayawa a bakin titi kusa da ofishin lasi, kwana uku su kawo maka kati, ba makaranta ba gwaji. Ba zan ɓoye muku ba, raina ya biya. Washegari na shiga wurin Hajiya da wata 'yar dabara, na ce in mutum ya samu lasi da wuri fa? Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Duk katin da aka kawo mini sai na buga lambarsa a kwamfuta. Idan bai fito ba, mai shi ma ba zai sake shigowa ƙofar nan ba." Shi ke nan, wannan hanya ta toshe.

Makarantar da na shiga tana Dorayi, shago ɗaya ne da benci uku da ƙananan motoci biyu. Tun wurin rajista aka fara ɓata mini rai. Sunana a takardun Nijar da rubutun Faransanci yake, Laouali Chaibou. Magatakardan ya kalla ya kalla, ya ce, "La-o-u-ali Cha-i-bo-u. Wannan wane irin suna ne?" Na ce Lawali Shu'aibu ne, sunan Musulmi, irin na kowa. Sai ya rubuta Lawal Shu'aibu don ya taimake ni. Da aka shigar a kwamfuta ta ƙi karɓa, wai sunan bai yi daidai da na takardar zamana ba. Sati guda cur ina zirga-zirga tsakanin Dorayi da cikin gari, har da rantsuwa a kotu cewa ni ne ni. Sati guda daga cikin wata ukun nan ya tafi ban taɓa sitiyari ba.

Malamin tuƙin sunansa Malam Sabo, dattijo ne siriri, ya girme ni da kamar shekara goma. Ya yi aikin gwamnati a sashen motoci kafin ya yi ritaya. Ranar farko ya nuna mini wata 'yar mota da aka manna wa jan harafin 'yan koyo gaba da baya. Na ce masa ni fa direban babbar mota ne, ya rubuta mini darussan kawai mu huta. Ya ce, "Malam Lawali, ni abin da na gani nake rubutawa. Bismillah, shiga."

Na shiga gwiwoyina na dukan sitiyari. Ya ce in taka kuloci. Na ce, "Mi ne ne kuloci?" Ya dube ni, ya dubi sama. Shekara goma sha takwas, in ji shi, ban san kuloci ba? Ashe abin da muke kira ambiriyaji ne. Birki a wurinmu feren ne, sitiyari bolan, giya kuma bitas. Duk abin da ke cikin motar nan na san shi kamar tafin hannuna, amma ba da sunan da yake kiransa ba. Ya ce "sa sigina", na tsaya ina kallonsa. 'Yan koyo biyu da ke zaune a baya, wata malamar makaranta da wani ɗan kasuwa, suna ta danne dariya. Na ji kamar in buɗe ƙofa in kama hanyar Maraɗi da ƙafa.

Haka na riƙa yi. Da safe in yi lodin bokitai da butoci da kujerun roba a motar da ya kamata a ce ni ke janta, in tsaya ina kallo wani ya fita da ita zuwa sito a Bompai. Ƙarfe huɗu in tashi, in hau a-daidaita zuwa Dorayi, in shiga 'yar motar nan. Wata rana muka tsaya a danja, sai ga motar kamfaninmu a gefenmu. Garba ya leƙo daga sama, ya ga jan harafin, ya ga furfurata, ya danna ham har sau uku yana ihu, "Ɗan Maraɗi, a hankali, kada ka mutu da ita!" Kafin in iso aiki washegari kowa ya ji.

Malam Sabo kuwa bai bar ni na sha iska ba. Na riƙe sitiyari da hannu ɗaya, ya ce biyu. Na saki giya a gangara don mota ta tafi da kanta, ya ce kada in sake. Ɗaura bel kuwa kullum sai ya tuna mini. Ina ce masa, "Malam, dubi titin nan. Wa ke yin abin da kake faɗa?" Ga masu a-daidaita suna shiga ta inda suka ga dama, ga mai babur ya ɗauko buhu uku yana tahowa ta hannun da ba nasa ba. Sai ya ce, "Su ba su zo wurina neman shaida ba. Kai ka zo."

Babban faɗanmu a shataletale ne. Yadda aka koya mini tun ina yaron mota, wanda ya fito ta damanka shi ke da hanya, don haka idona kullum yana dama. A nan kuwa wanda ke cikin shataletale shi ke da hanya, kai mai shigowa sai ka duba hagu ka jira. Na ji, na gane, na haddace. Amma sau uku a cikin sati biyu Malam Sabo yana taka birkin da ke gefensa da ƙarfi, abin hawa ya wuce ta gaban hancinmu daga hagu. Na ukun wani mai a-daidaita ne ɗauke da mata, ya tsaya ya zazzage mu tas.

Malam Sabo ya ce, "Ba ka gan shi ba?"

Na ce, "Daga ina ya fito? Wanga gari ba a tuƙi, faɗa ake yi. Kuma dokarku ce a juye."

Ya ɗauko littafinsa ya rubuta wani abu.

Sai kuma littafin dokokin hanya. Da Turanci yake, ni kuwa ɗan bokon da na yi na Faransanci ne, aji shida. Garba ne ya riƙa karanta mini a lokacin hutun azahar, muna zaune a gindin katangar kamfani, yana fassarawa da Hausa, ni kuma ina rubuta wa kaina a bayan kwali. Yawancin alamun iri ɗaya ne da namu, rubutun da ke jiki ne ya bambanta. Cikin sati uku na haddace su duka. Garba ya nuna da yatsa, in faɗa kafin ya rufe baki. Ya ce ko shi da ya shekara ashirin da lasi bai san rabinsu ba.

Na gama darussa ashirin da shida a ƙarshen wata na biyu. Malam Sabo ya ba ni shaida, amma da zai miƙo mini sai ya ce, "Ka je wurin likitan kamfaninku kuwa?" Na ce sai na ci gwaji. Ya ce da na fara zuwa. Na ce to, a raina kuwa na ce dattijon nan ba ya gajiya da neman abin faɗa.

Ranar gwajin Laraba ce. Na sa sabuwar riga, na isa tun ƙarfe bakwai. Mun kai mu talatin a kan benci, mafi yawa sa'o'in ɗana na fari. Aka kira ni wajen sha ɗaya. Ɗaki ne dogo, jami'in yana zaune kusa da bango, a bangon an kafa babban allo mai alamun hanya, kujerar mai amsa tambaya kuma tana can baya wajen ƙofa. Na gaishe shi, na ce ina roƙon a yi mini da Hausa. Ya ce ba damuwa. Ya ɗauki sanda ya nuna alama ta farko.

Na ga jan da'ira da wani baƙin abu a ciki. Na ce, "An hana wuce mota."

Ya ce, "A'a." Ya nuna ta gaba.

Na ce, "Gada a gaba."

"A'a, hanya ce za ta tsuke."

Ya nuna wata mai lamba a ciki, ya ce gudun nawa aka yarda? Na ce tamanin. Ya ce talatin ne. Ya ajiye sandar, ya duba takarduna, ya ce, "Baba, an ce shekara goma sha takwas kana tuƙi?" Na ce haka ne. Ya girgiza kai, ya ce in koma in yi karatu, in dawo bayan sati biyu. Ko wurin mota ba a kai ni ba.

Na fito kunnuwana na zafi. Malamar makarantar nan da muka yi koyo tare, wadda har ranar ƙarshe mota na mutuwa a hannunta, ta fito tana murna ta ci. Ta ce, "Baba, ya aka yi?" Na kau da kai.

Kai tsaye na wuce Sharada, na shiga ofishin Hajiya ko sallamar kirki ban yi ba. Na ce an kayar da ni ne don ni baƙo ne. Na ce allonsu ya tsufa, ya koɗe, rubutun Turanci ne, kuma da gangan aka ajiye kujera nesa. Na ce a ba ni takarduna in koma inda aka san darajata. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Saura kwana ashirin da shida, Malam Lawali. Motar na nan. In ka ga tafiya ta fi, ba zan riƙe ka ba. Amma ka je ka yi wa malaminka sallama tukuna, ya kira ni ɗazu yana tambayarka."

Na je Dorayi bayan la'asar da niyyar in faɗa masa abin da ke raina in wuce. Na same shi a ƙofar shago a kan benci. Na fara zuba, ya ɗaga hannu. Ya shiga ciki ya ɗauko allon alamu na makaranta, ya riƙe a gabana, ya ce in faɗa. Na faɗe su duka, ɗaya bayan ɗaya, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Na ce, "Ka gani? Ka gani ko?"

Ya ɗauki allon ya tsallaka titi, ya jingina shi a jikin wata bishiyar darbejiya, ya nuna da kara. Na faɗi biyu daidai, na ukun na tsaya ina ƙanƙance ido. Ya ɗaga murya daga can, ya ce in rufe idon hagu da hannu. Na rufe. Allon ya ɗan fito, da ƙyar dai. Ya ce to in rufe na dama.

Jama'a, da na rufe idon dama, allon ya ɓace. Bishiyar ta zama wani koren abu kawai, Malam Sabo ya zama farin tsumma a tsaye. Na buɗe, na sake rufewa. Na murza idon, na sake. Haka dai.

Ya dawo ya zauna kusa da ni, ya ce, "Tun ranar mai a-daidaitan nan na yi zato. Ba dokarmu ce a juye ba, Malam Lawali, kuma ba Turanci ba ne. Hagunka ba ya gani."

Na ce to me ya sa bai faɗa mini ba tun lokacin? Ya ce, "Na ce ka je wurin likita. Da na ce maka idonka ne, a yadda kake ji da kanka, za ka yarda?" Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ji haushinsa. Na zauna a bencin nan har aka kira magariba, ina tuna hanyar Damagaram. Hanyar da na sani rami-rami, kwana-kwana, na san inda kasuwa ke ci da inda shanu ke tsallakawa. Ashe da sani nake bin ta, ba da gani ba. Na tuna sau nawa a shekarun baya-bayan nan yaron motata ke cewa "maigida, ga jaki nan", in ce na gan shi, alhali sai da ya faɗa na gani. Tun yaushe abin ya fara, Allah kaɗai ya sani. Ina ɗauke da tan talatin a bayana ina ratsa ƙauyuka.

Washegari na je asibitin ido da takarda daga likitan kamfani. Aka sa ni karanta haruffa, aka ɗiga mini magani, aka haska. Likitar ta ce idon hagu ya yi rauni ƙwarai, na daman ma ya fara, amma gilashi zai gyara, ba sai an yi aiki ba. Ta tambaye ni sana'ata. Da na ce direba, ta ajiye biro ta dube ni, ta ce, "Da wannan idon?" Na sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kayan sata.

Sai aka ce gilashin zai ɗauki kwana goma kafin a haɗa. Kwana goma suka zama goma sha huɗu, kullum in je a ce gobe. Ranar da aka sa mini ta komawa gwaji ta wuce, sai da Malam Sabo ya raka ni aka sake ba ni wata. Matata ta bugo waya tana tambaya ko su fara shirin tahowa, na ce ta dakata. Ban faɗa mata dalili ba, kunya ta hana.

Ranar da na sa gilashin na fito bakin asibiti, na tsaya kamar baƙauye. Ashe allunan shaguna na tsallaken titi duk ana iya karanta su. Ashe wayoyin lantarki ɗaya-ɗaya suke. Na taka ƙasa na ji kamar ta matso, sai da na dafa bango. Da na shiga kamfani Garba ya gan ni ya ce, "Iye, Ɗan Maraɗi ya zama farfesa!" Sunan ya bi ni kusan shekara biyu.

Malam Sabo ya ƙara mini darasi uku, bai rubuta su a ko'ina ba. Muka koma shataletalen nan da muka sha faɗa a kai. Na duba hagu, na ga motoci tun daga nesa, na jira, na shiga. Ƙafarsa ba ta motsa ba. Da muka fita ya ce, "To, yanzu ga direba." Wannan ce kaɗai kalmar yabo da na taɓa ji daga bakinsa.

Na koma gwaji saura kwana huɗu wa'adin Hajiya ya cika. Jami'in nan dai na tarar, allon nan, kujerar nan a wajen ƙofa. Ya gane ni, ya ce, "Baba, an yi karatun?" Na ce an yi. Ya nuna goma sha biyu na faɗi goma sha biyu. Allon da na ce ya koɗe, sabo ne fil. Muka fita wurin mota, na ɗaura bel, hannu biyu a sitiyari, ya sa ni na zaga, na tsaya a hawa na tashi, na shiga da baya tsakanin sanduna. Ya ce in kashe. Yana rubutu yana cewa, "Wancan karon me ya same ka?" Na nuna gilashin. Ya ce Allah ya sa sauran ma su gane, ya sa hannu.

Ko a nan ba a bar ni na huta ba. Wurin ɗaukar hoto aka ce na'ura ba ta aiki, a dawo gobe. Gobe aka ce babu sabis. Sai ranar ƙarshe, ana saura awa biyu a tashi aiki, na shiga ofishin Hajiya da takardar wucin gadi a hannu, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Ta karɓa, ta buga lambar a kwamfuta kamar yadda ta ce tana yi, ta jira ta fito. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko makulli, ta ce, "Gobe ƙarfe bakwai, lodin kujeru zuwa Bompai. Kuma kada in gan ka a mota ba gilashi." Na ce Allah ya saka da alheri. Bayan wata biyu na kama gida a Zawaciki, iyalina suka taho.

Har yau in na tuna watannin nan uku raina na ɓaci. Satin da aka ci mini a kan suna bai da wani amfani, jiran na'ura bai da amfani, dariyar da aka yi mini ma ban ce na yafe duka ba. Amma da na samu katin nan na kwana uku, da na fita da motar kamfani da ido ɗaya a titin Panshekara, lokacin da ma'aikata ke tashi daga aiki suna tsallakawa ta ko'ina. Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, sabon direba ba shi ne abin tsoro ba, don shi ya san bai iya ba, yana lura. Abin tsoro irina ne, wanda hannunsa ya ƙware har ya daina tambayar kansa, jikinsa na sauyawa bai sani ba, kuma duk wanda ya yi masa gyara ya zama abokin gaba. Mutanen da suka fi ba ni haushi a lokacin, Hajiya da Malam Sabo da jami'in nan mai sanda, su ne suka tsaya tsakanina da ɗaukar ran wani.

Shi ya sa na tara ku yau. Na ji gunagunin da ake yi tun da aka kafa sanarwa cewa duk direba sai an duba idonsa, har wasu na cewa raini ne a gwada mutumin da ya shekara ashirin a kan titi. Likita zai zo gobe ƙarfe tara, a ɗakin taro. Ni zan fara zama a kujerar. Alhaji Mudi, kai ne na biyu, don na lura da yadda kake tambayar mai gadi lambar motar da ke shigowa.